Kaske mai ɗaga haɓa: wanne ya kamata in saya?

Malamin Mirya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. An maida ni aiki Mirya, iyali kuma suna nan Karkada, don haka kullum sai na hau moto safe da yamma. Kasken da nake da shi rufaffe ne gaba ɗaya, ga shi ina sa tabarau na likita, duk lokacin da zan sa shi sai na cire tabarau, in cusa kai, sannan in riƙa lalubar kunne. Ina son in koma wa irin wanda gabansa ke ɗaguwa sama. Na ga wasu a Kasuwar Dole, masu kyawun gani, kuɗinsu bai fi ƙarfina ba. Wanda ya taɓa amfani da irinsa ya ba ni shawara don Allah.

Ɗan Kabu-kabu: Wa alaikumus salam Malam. Ni shi nake sawa shekara biyu ke nan, kuma ba zan koma wancan ba. A garin nan ba ka tafiyar minti biyar ba ka gamu da wanda za ka gaisar ba. Fasinja ya tsaida ka, ka ɗaga gaban, ku yi ciniki yana ganin fuskarka. Ka sha ruwa ba ka cire ba. Jandarma ma a kan hanya in sun tsaida ka ɗagawa kawai za ka yi. Ka saya, ba za ka yi nadama ba.

Baban Hadiza: Ƙanena, ka faɗa masa daɗin, ba ka faɗa masa inda gizo ke saƙa ba. Malam, ni na sayi irin na arhar nan bara. Ranar da na faɗi a hanyar Matamaye, akuya ce ta gitta, ba ma gudu nake ba. Gaban kasken a rufe yake, na ji ƙas ɗinsa da kunnena kafin in kama hanya. Amma ina taɓa ƙasa ya buɗe da kansa, haɓata ce ta sha gudro. Ɗinki aka yi min, har yau in na yi aski ana ganin wurin. Da na warke na kwance shi in ga abin da ya faru, sai na tarar ƙugiyar da ke riƙe gaban ta roba ce, siririya kamar haƙorin mataji, ta karye gida biyu. Don haka kafin ka dubi launi ko fenti, ɗaga gaban ka leƙa gefe da gefe. Abin da ke kamawa ya zama ƙarfe ne yana shiga cikin ƙarfe. Ka rufe shi, ka kama haɓar da hannu biyu ka ja sama da ƙarfinka ba ka danna maɓallin ba. In ta yi motsi ko ta buɗe, ajiye masa kayansa ka yi gaba.

Malamin Mirya: Subhanallahi, Allah Ya kiyaye gaba, yaya. Wannan gwajin ban taɓa tunaninsa ba.

Injiniya na hanyar Tanut: Amin. Bari in ƙara a kan abin da Baban Hadiza ya faɗa, don ni aikina ya sa dole na koyi karanta takardar kaske. Ka duba igiyar da ake ɗaurewa a ƙarƙashin haɓa, akwai wani ɗan farin ƙyalle da aka ɗinke a jiki. Za ka ga harafin E cikin da'ira da lamba kusa da shi. Wannan shaidar ce cewa ya ci jarrabawar ƙa'idar Turai da ake kira ECE, lambar kuma ƙasar da ta ba da shaidar ce: 1 Jamus, 2 Faransa, 3 Italiya, 9 Sifen. A ƙasa akwai dogon jerin lambobi. In ya fara da 05, tsohuwar ƙa'ida ce ta 22.05, in ya fara da 06, sabuwar ce ta 22.06, wadda gwajinta ya fi tsanani. Dukansu sun fi wanda ba shi da komai nesa ba kusa ba.

Amma abin da ya fi shafar irin wanda kake nema shi ne harafin da ke cikin jerin. P na nufin an gwada haɓar, tana kariya, kuma a rufe za ka yi tafiya da shi. J na nufin buɗaɗɗen kaske ne. NP na nufin akwai haɓa amma ado ce, ba ta kare komai. Wanda aka rubuta P/J shi kaɗai ne aka gwada a rufe aka kuma gwada a buɗe, kuma za ka ga yana da ɗan makulli a gefe da ke riƙe gaban a sama kar ya faɗo maka a ido kana cikin tafiya.

Ɗan Kabu-kabu: Oga, nawa an manna masa DOT a ƙeya da manyan baƙaƙe. Wannan fa?

Injiniya na hanyar Tanut: DOT ƙa'idar Amurka ce, kuma a can kamfani ne da kansa ke shaidar cewa kayansa sun cika sharaɗi, sai daga baya hukuma ta ɗauki wasu ta gwada. Ita kuma takardar mannawa ai ko yaro ya iya bugawa. Ɗinkakken ƙyallen ma ana yin na jabu, amma in babu shi sam, magana ta ƙare. Ka matsa cikin kasken da babban yatsa ta bayan yadin. Ya kamata ka ji farin soso mai tauri da kauri, irin wanda ake naɗo talabijin a ciki. Shi ne ke murƙushewa ya shanye bugun maimakon ƙwaƙwalwarka. In laushin katifa ka ji sannan roba, hula ce kawai ka saya.

Ɗan Kabu-kabu: To wallahi nawa katifa ce. Kuma gaskiya in faɗa muku, daga watan 3 zuwa watan 5 a buɗe nake yawo da shi, zafin nan ba ya barin mutum ya rufe fuska.

Baban Hadiza: Ka ji ko? Wannan ne cutar kasken nan. Mutum ya saya don haɓa, ya ƙare da haɓar a saman kai kamar tukunya. In ka faɗi a haka, ba kariya a fuska, ga gaban da ke tsaye a sama zai iya kama ƙasa ya murɗe maka wuya. Iska ma in ta shiga ƙarƙashinsa a kan babbar hanya ja take yi baya.

Kawu na Zango: Yara, ku bar ni in sa baki. Na hau moto tun lokacin da Yamaha DT ce sarauniyar daji, Gure da Tanut duk na sha su. Maganin zafi ba buɗe haɓa ba ne. Ka sayi fari ko mai hasken launi, baƙi a ranar Damagaram tanda ce. Ka duba ramukan iska, na haɓa da na saman kai, da na baya inda zafin ke fita, ka hura ka ji ko da gaske a huje suke, don wasu zane ne kawai a jikin roba. Sannan yadin ciki ya zama mai cirewa, ka wanke shi duk mako, in ba haka ba gumi da ƙura za su sa ka tsani abinka. Wani abu kuma: mai ɗaga haɓa ya fi rufaffe nauyi saboda ƙarafan gefen, yawanci yana wuce kilo ɗaya da rabi, kuma ya fi ƙara a kunne. Zuwa Mirya da dawowa wannan ba komai ba ne. Amma da Agadas za ka riƙa zuwa, da na ce ka zauna da rufaffenka.

Malamin Mirya: Na gode Kawu, Allah Ya ƙara girma. Wane suna kuka sani mai aminci?

Injiniya na hanyar Tanut: Manyan su ne Shoei Neotec, Schuberth C5, Nolan N100, amma kuɗinsu sai ka ce kuɗin moto. Na matsakaici akwai LS2, HJC da MT. LS2 Valiant da Shark Evo su haɓarsu zagayawa take yi har ƙeya ta kwanta, ba ta tsaya a saman goshi ba, don haka ko a buɗe iska ba ta kama ta. In za ka aika wani ya sayo maka daga Turai, ka lissafa da kyau: yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, ke nan na yuro 200 ya kai jikka 131, ban da kuɗin kawowa.

Mai Shago a Sabon Gari: Ni ban goyi bayan aike ba. Kaske kamar takalmi ne, sai an gwada. Ka samu awon tela ka zagaya kanka ta saman gira kaɗan da saman kunne. Santimita 55 zuwa 56 S ne, 57 zuwa 58 M, 59 zuwa 60 L. Duk da haka kowane kamfani da siffar kansa. Sabo ya kamata ya matse kumatu kaɗan, don yana saki da amfani. Ka ɗaure igiya, ka sunkuya, wani ya kama ƙeyar ya ja gaba, in ya fita ya yi maka girma. Kuma don Allah a cire hula kafin a gwada. Mutanenmu sai su sayi babba don ya hau kan hula, shi ke nan kaske na yawo a kai kamar ƙwarya a kan tulu. Ka je da tabaranka, ka zauna da shi minti goma a shagon ka ji ko yana danne maka sandar a bayan kunne.

Hajiya ta Birni: Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu. Ni ma ƙaramar moto nake zuwa aiki da ita, irin wannan kasken ne ya fi min sauƙi don ba ya tuɓe min ɗankwali wajen sawa. 'Yan uwana mata, ku yi awo da irin kitson da kuka saba da siririn hijabin da za ku sa a ciki, kar ku auna ranar da kuka tsefe. Malam, ka nemi mai baƙin gilashi na ciki da ake saukewa da ɗan maɓalli. Da safe za ka nufi gabas rana na idonka, da yamma ka dawo yamma tana idonka kuma.

Malamin Mirya: Hajiya kamar kina bayana a kan moton, haka nake fama kullum.

Kawu na Zango: Sai dai ya gwada ya ga gilashin cikin ba ya gugar tabaransa. Kuma lokacin hunturu kar a goge gilashi da busasshen tsumma ko bakin riga, ƙurar nan yashi ce, mako biyu ta dushe shi, da dare fitilar mota ta watse maka a ido. A zuba ruwa tukuna. Ka tambayi mai shago ko ana samun gilashin canji na irinsa, in babu to ranar da ya karce ka yi asara. Ƙura tana shiga mahaɗin gefen ma, in ka ji ya fara ƙara ko rufewar ba ta yin ƙas, wanke wurin.

Ɗan Kabu-kabu: Wani abokina ya ce a Kano ana samun na gwanjo na Turai masu suna, da arha.

Baban Hadiza: Ba ka san kan da ya fito daga ciki ba. Soson nan sau ɗaya yake aiki, in ya sha bugu ya lotsa, ko da bayan na ƙyalli. Masu yin su ma cewa suke a sake bayan kamar shekara 5. Na gwanjo wataƙila ya cinye shekarunsa tun a can.

Malamin Mirya: To na ji. Ƙugiyar ƙarfe, ɗinkakken ƙyalle mai P/J, fari. Gobe Alhamis, in na taso zan biya ta Dole in jijjiga haɓar waɗanda na gani, in babu mai tsayawa sai in jira albashi in sa a duba min Kano. Mai Shago, zan fara tsayawa wajenka ka auna min kai, matar gida ta ce awonta na ɗinki ba ya fita waje.

Mai Shago a Sabon Gari: Sai ka zo Malam, bayan la'asar ina nan. Ka zo da Ɗan Kabu-kabu da katifarsa.