Kafin ka sayi taki, san ƙasar gonarka

A wata tattaunawa ta manoma da malaman gona kan ire-iren ƙasa, shawarar da ta fi fitowa ita ce a fara da hannu. Ka jiƙa ƙasa ka murza. In ta wargaje tana ƙas-ƙas, jigawa ce: ba ta riƙe ruwa, gero da gyaɗa da wake ne nata, takin zamani kuma a raba shi kashi biyu don kada ruwan sama ya wanke shi. In ta mulmulu kamar igiya, laka ce, ta shinkafa da rake a fadama. Baƙar ƙasar firgi ta Borno, mai tsagewa da rani, masakwa, wato wata irin dawar rani, ake dasawa a kanta bayan ruwa ya janye.

Wani dattijo ya nace a haƙa rami, domin marmara kan ɓuya a ƙarƙashi ta tare saiwa. A ganina ya fi kowa gaskiya.

Kan awo kuwa, an ce a ɗebo ƙasa zurfin santimita 20 daga wurare da dama, a cakuɗa, a shanya a inuwa, a kai ɗakin gwaji irin na cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya.