"Ubanka kilaki ne": zagi ne ko ba zagi ba?

Ɗan Fagge: Jama'a, jiya a wurin rabon gado wani dattijo ya ce wa yayana, "Don ubanka kilaki ne, shi ne za ka koya mana lissafi?" Yayana ya tuɓe hula zai yi dambe, dattijon kuma ya rantse ba zagi ya yi ba. Mahaifinmu dai ya yi akawu a kamfanin gyaɗa. Ya kuka gani?

Bazazzagi: Dattijo ya fi ku gaskiya. Kilaki sunan da Turawa ke kiran mai riƙe littafin ofis ne, wato "clerk", bakinmu ya lanƙwasa shi. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yawancin masu wannan aiki a reluwe da kamfanoni 'yan kudu ne mazauna Sabon Gari. Matan da ke bin su aka laƙaba wa sunan, har ya bar mazan, ya koma ma'anar karuwa.

Baban Iman: Ko ma daga ina kalmar ta fito, dattijon ya san yadda kunnen yau ke jinta. Magana zarar bunu ce.

Uwar Biyu: Kun tuna min da kakata, Allah Ya jiƙanta. Wata shekara malamin jangali ya ce kakanmu bai biya ba, dogarai har sun kama saniya. Ta shiga ɗaki ta buɗe kwalla, ta ciro rasiɗin a naɗe cikin fata kamar laya. Ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, ɗigon manja a gefen takardar ne shaidarta. A gaban hakimi aka karanta, aka sako saniyar. Har ta rasu tana cewa alƙalamin akawu ya fi bulalar dogari ciwo. Wani akawu ya nemi auren gwaggona, ta ce sai bayan ranta.

Na Tasha: Hajiya, gara akawun da, saniya ɗaya yake ci. Namu ya gina mana asibiti a takarda, har an yi masa fenti sau biyu.

Baban Iman: Ka je tambaya a ce maka alƙalami ya bushe.

Almajirin Zaure: Don Allah a bar sa wannan a wasa, maganar ƙaddara ce, tana cikin hadisin Ibn Abbas.

Uwar Biyu: Rasiɗin ma yana nan wurin kawuna.

Na Tasha: Ita "akawu" ɗin ma fa, na ji daga Yarabanci muka aro ta.

Bazazzagi: Wa ya faɗa maka? Kawo hujja, ina nan har la'asar.