Ina ma'aikatan rediyon kan teku na Ingila suka ƙare?

Ɗalibi daga Birni:
Salamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman bayani a kan masu gabatar da shiri a gidajen rediyon da suka yi aiki cikin jiragen ruwa a gaɓar Ingila ba da izinin hukuma ba. Yaya aikinsu ya kasance, kuma ina suka nufa bayan an rufe tashoshin?

Malam na Zango:
Wa alaikumus salam, ɗana. A wancan zamani BBC kaɗai ke da izinin watsa shirin rediyo a ƙasar, kuma yarjejeniyarta da kamfanonin faifai da ƙungiyar makaɗa ta taƙaita mata awoyin sa faifai, saboda haka samari ba sa samun kiɗan da suke so. A watan Maris na 1964 Ronan O'Rahilly ya buɗe Radio Caroline cikin jirgin da ya tsaya bayan mil 3 daga gaɓa, inda dokar ƙasa ba ta kai ba. Tony Blackburn ya shiga aikin a wannan shekarar yana da shekara 21. Ma'aikaci kan yi sati biyu a teku kafin ya sauka hutu, yana magana a ɗan ƙaramin ɗaki, igiyar ruwa na jijjiga allurar faifai. A Janairun 1966 ma guguwa ta jefo ɗaya daga jiragen Caroline, Mi Amigo, kan gaɓa. Da dokar hana waɗannan tashoshin ta fara aiki a tsakiyar Agustan 1967, BBC ta buɗe Radio 1 ran 30 ga Satumba, kuma Blackburn, wanda ya riga ya koma Radio London (wata tashar kan teku) kafin nan, shi ya gabatar da shirin farko. A ganina hukuma ta kashe gidajen ne ta gaji ma'aikatansu.

Hajiya ta Sabon Gari:
Allah ya ƙara sani, Malam, amma ba duka ne suka samu wannan sauƙin ba. Wani mai gabatar da shiri, Johnnie Walker, ya ƙi sauka, ya ci gaba da magana a Caroline alhali dokar ta haramta wa ɗan ƙasar yi wa jirgin aiki ko kai masa talla. Talla ta yanke, bashi ya taru, har kamfanin da ke kai musu kaya ya janye jiragen a Maris na 1968. Sai a 1969 ya samu shiga Radio 1.

Ɗalibi daga Birni:
Na gode ƙwarai, Baba Malam da Hajiya. Shin masu sauraro ta wasiƙa suke aiko da gaisuwa, kamar yadda iyayenmu a nan Damagaram suka saba yi da Muryar Sahel?