Takwas Ne Ko Tara? Muhawara Kan Azuzuwan Kalmomin Turanci

Anti: Jama'a ku raba mu. An tambayi ɗiyata a gwaji azuzuwan kalmomi nawa ne a Turanci, ta ce tara, malaminsu ya soke da jan biro. Littafin da muke bi a gida kuma ya ware "a" da "the" daban. Wa ke da gaskiya?

Kawu: Malamin mana. Takwas muka haddace da bulala: suna, wakilin suna, aikatau, sifa, bayanau, mahaɗi, kalmar motsin rai, sai irin su "in" da "on". "The" kuwa cikin sifa take. Magana ta ƙare.

Yaya: Allah ya ja da ran Kawu, ba ta ƙare ba. Takwas ɗin nan rigar aro ce, ba don Turanci aka ɗinka ta ba. Asalinta wani ɗan littafin nahawun Girkanci ne da ake danganta wa Dionysius Thrax, tun kafin haihuwar Annabi Isa. A jerinsa akwai ajin irin su "the", amma babu sifa, tana cikin suna. Da Rumawa suka ɗauka, sai ga shi Latin ba shi da kalma irin "the" ko kaɗan. Suka cire ajin, suka sa motsin rai a gurbinsa, lissafi ya sake cika takwas. Daga makarantun Latin ɗin ne adadin ya shigo Ingila.

Kawu: To sai me? Turawan da ke da harshen sun amince, kai ne za ka ƙi?

Yaya: Ai su ma ba su haɗu a kai ba. Cikin marubuta nahawunsu, Robert Lowth a 1762 tara ya lissafa, Lindley Murray a 1795 shi ma tara, kuma littafin Murray ya daɗe yana cin kasuwa a makarantun Ingila da Amurka. Kawu ka gwada da kanka. Ana cewa "the car is big", har a ce "bigger". Ka taɓa jin "the car is the"? Sifar da ba ta iya zama inda 'yan uwanta ke zama, ina sifar take?

Baffa: Ina ta jin ku ina dariya. Duk wanda ya zauna gaban malami ya buɗe Ajurumiyya, littafin nahawun Larabci, ya san kalma kashi uku ce: ismu, fi'ili, harafi. Haka Sibawaihi ya kasa su tun ƙarni na 8, kuma Larabci bai rasa komai ba. Sifa da wakilin suna duk ismu ne a wurinmu.

Anti: Baffa don Allah kada ka ƙara rikita ni. Daga tara mun koma uku?

Auta: Ku taho wajen masu kwamfuta ku sha kallo. Tsarin Penn Treebank na Jami'ar Pennsylvania, wanda ake sa wa kowace kalmar Turanci alamar ajinta don kwamfuta, alamomi 36 gare shi, ban da na waƙafi da aya. Aikatau kaɗai an raba shi gida shida.

Kawu: Auta, injin ba ya zana jarrabawa. Yaro ɗan firamare kuma ba a ɗora masa tarihin Girkawa. A ba shi abin da ke cikin manhaja ya wuce aji, in ya je jami'a ya yi ta gardama.

Yaya: Wannan na yarda, ta rubuta abin da manhaja ta ce. Abin da ke ba ni haushi shi ne a haddace jeri a bar aiki. Ka ba ɗan aji shida "round" a cikin "a round table", da "round the corner", da "the final round". Zai ce maka duk sifa ce, don haka aka rubuta masa a allo.

Kawu: Ta farko sifa, ta ƙarshe suna. Ta tsakiya fa?

Auta: Kawu da kansa ya maƙale!

Kawu: Kai yaro kiyaye ni. 'Yar gidan su "in" da "on" ce, ina neman tabarau ne kawai. Kuma har yanzu takwas ne.