Shin Malam Abubakar Gumi ne ya raba kan Musulmin Arewa?

Almajirin Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na kuma san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi malami ne, ban musa ba, Allah ya jiƙansa. Amma a ganina shi ne ya raba kan Musulmin Arewa. Kafin ya fitar da Al-Aƙidatus Sahiha a 1972, Baƙadire da Batijjane da wanda ba ya ɗariƙa sahu ɗaya suke yi, su aurar wa juna, su yi wa juna jana'iza. Ban da littafin nan ga karatunsa na Masallacin Sultan Bello da ake sawa a Rediyon Kaduna, daga nan sai almajirinsa Sheikh Isma'ila Idris ya kafa Izala a Jos a 1978. Yau ga gari ɗan mitsitsi da masallacin Juma'a biyu da filin idi biyu. Mai hujjar da za ta rushe wannan ya kawo, ina saurare.

Ɗan Agaji: Wa alaikumus salam. Malam bai raba kowa ba, gaskiya ce ta raba. In an taru a kan kuskure wani ya tashi ya ce a gyara, ai ba shi ya kawo rigima ba. Shehu Usmanu da kuke tinƙaho da shi, ba shi ya rubuta Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bid'a ba? Shi ma sai ku ce ya raba kan Hausawa?

Baƙadiren Birni: Ƙanena, bi a hankali da sunan Shehu. Mujaddadi Baƙadire ne, har waƙoƙin yabon Sidi Abdulƙadir Jilani ya yi. Kuma shi ɗin ne ya yi raddi ga ɗaliban zamaninsa masu kafirta talakawa don ba su iya karanto hujjojin tauhidi ba. In za ka ɗauki Shehu, ɗauke shi gaba ɗaya.

Tsohon Hedimasta: Ku dakata, 'ya'yana. Almajiri, wancan zaman lafiyar da ka zana kafin 1972, ni ban gan shi haka ba, kuma na girme ka nesa ba kusa ba. Muna yara rigimar ƙabalu da sadalu ce ke tashe. Mabiya Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha suna ɗora hannu a ƙirji, malaman Sakkwato suna cewa a saki kamar yadda aka gada. A shekarun 1950 da 1960 an yi tarzoma a lardin Sakkwato tsakanin 'yan Tijjaniyya da 'yan Ƙadiriyya, an rushe wuraren wazifa, har jini ya zuba. A lokacin Gumi ma'aikacin gwamnati ne, bai rubuta wancan littafi ba. Siyasa ma ta shiga ciki, don ana yi wa 'yan Tijjaniyya da yawa kallon 'yan NEPU, sarautar Sakkwato kuma tana tare da NPC. Me ya sa kake tsammani Sardauna ya dage aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962? Don ya ga kan a rabe yake, yana neman inuwar da za ta tara kowa. Gumi kuwa yana cikin waɗanda suka assasa ta, a shekarar da ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, ya zauna teburi ɗaya da shehunan ɗariƙa. To ta yaya wanda ya tarar da ɓaraka zai zama shi ya fara ta?

Almajirin Zaure: Allah ya ƙara girma, Baba, ban ƙaryata ko ɗaya ba. Amma waccan rigimar ta inda za a ajiye hannu ce, da ta wane shehi ya fi. Ko an yi faɗa da safe, da yamma kowa ya san ɗan'uwansa Musulmi ne. Abin da ya zo daga baya daban ne, aƙidar mutum aka taɓa. Bari in faɗa muku abin da idona ya gani. Wata babbar salla mahaifinmu ya yanka ragonsa, ya tura ni in kai wa yayanmu cinya. Yayan nan namu lokacin ya fara bin wa'azin ƙasa na Izala. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa da tire a hannu, ya ce in mayar, shi ba ya cin yankan mai wazifa. Na dawo na ajiye a gaban tsoho, bai ce uffan ba, ya dai jawo carbinsa. Mahaifiyarmu ce ta shiga ɗaki tana kuka. Mutumin da ya koya masa alwala, ya biya masa Ahalari da Ishmawi, shi ne yau yankansa ya zama mushe. A rigimar ƙabalu an taɓa yin haka tsakanin ɗa da uba?

Ɗan Agaji: Wannan kuskuren yayanka ne. Ka kawo mini kaset ɗaya da Malam ya ce ɗa ya mayar wa ubansa nama.

Almajirin Zaure: Ba sai ya ambaci nama ba. Wanda ya hau mumbari ya ce abin da mutane ke yi ya fitar da su daga Musulunci, ya san matashi zai ƙarasa lissafin da kansa. Gumi ya ɗauko batun Salatul Fatihi, cewa wai mun ce ta fi Alƙur'ani sau dubu shida. Malamanmu sun yi ta bayani cewa zancen lada ake yi, falala ce ta Allah, babu Batijjanen da ke fifita wani abu a kan zancen Allah. Wa ya saurare su?

Ɗan Agaji: Maganar tana cikin littafinku, Jawahirul Ma'ani, ba Malam ya ƙirƙira ba. Ya karanto ne ya ce a kawo aya ko hadisi. Har yau muna jira.

Maman 'Yan Biyu: Ku yi mini afuwa in sa baki, don duk maza ne ke ta magana. Ni an cire ni daga makaranta an yi mini aure ban haɗa Baƙara ba. Makarantar dare ta matan aure ce ta cece ni, irin waɗanda 'yan Izala suka buɗe a unguwanni. Bayan isha'i za ka gan mu da fitila da goyo, muna zaune a bencin 'yan firamare. A nan na fara riƙe tarjamar Alƙur'ani ta Malam Gumi da hannuna, na karanta ayoyin gado a Suratun Nisa'i da Hausa, na gane cewa rabon mace Allah ne ya yanka mata, ba alfarmar 'yan'uwa maza ba ce. Da mahaifinmu ya rasu aka so a ce gona ta maza ce, ni na buɗe shafin. Malam Almajiri, na tausaya wa mahaifinka har zuciyata, wallahi. Amma in za a auna mutumin nan, a sa mu ma a sikeli. Ga kuma bidi'o'in biki da na suna da ke talauta magidanta, su wa suka fara yaƙar su a fili?

Baƙadiren Birni: Hajiya, Allah ya ƙara ilimi. Sai dai karatun mata ba a 1978 ya fara ba. Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru tun ƙarni na 19, kuma 'yar gidan Ƙadiriyya ce. Tarjama ma Sheikh Nasiru Kabara ya yi tasa.

Maman 'Yan Biyu: Na san Nana, Malam. Amma tsakanin Nana da ni an yi shekara fiye da ɗari, kuma a gidanmu babu wanda ya tuna da ita sai da aka ga mata suna tururuwa zuwa makarantun Izala. Daga nan ne kowa ya buɗe tasa. Alhamdu lillahi, mu muka ci riba.

Baƙadiren Birni: Ni abin da ya fi damuna shi ne daga ina iskar ta kaɗo. Gumi ya yi aikin kula da alhazai a Jidda, yana cikin Rabita, ƙungiyar Musulmin duniya, tun kafuwarta a Makka a 1962, a 1987 aka ba shi lambar yabo ta Sarki Faisal. Fahimtar malaman Saudiyya ya ɗauko ya dasa a ƙasar da ke da nata malamai da nata silsila.

Ɗalibin Tarihi: Yaya, wannan hujjar kaifi biyu gare ta. Ƙadiriyya daga Bagadaza ta zo, Tijjaniyya daga Fas, Faila ta Shehu Ibrahim Inyass daga Senegal. Kuma Gumi ba a Saudiyya ya yi karatu ba. A gaban mahaifinsa, wanda alƙali ne a Gummi, ya fara, ya yi Midil ta Sakkwato, ya yi makarantar shari'a ta Kano, ya tafi Bakhtur Ruda a Sudan. Littattafan Malikiyya ya sha kamar kowa.

Ni abin da nake ganin an tsallake shi ne rediyo. Da, saɓanin malamai a zaure yake ƙarewa, da Larabci, a takardun da sai almajirin da ya yi nisa zai iya karantawa. Gumi ya ɗauko shi ya sa a akwatin da ke rataye a wuyan manomi da teburin mai shayi, kuma da Hausar da kowa ke ji. Ga shi ya san gwamnati ciki da waje, ga 'yan boko da sojoji da ma'aikata sun samu malamin da ba sai sun durƙusa sun cire takalmi kafin su yi masa tambaya ba. Bayan an kashe Sardauna a Janairun 1966, babu sauran mai riƙe kowa ya ce a sassauta. Da 'yan ɗariƙa suka ga abin ya yi yawa, su ma suka nemi fili, Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi ya shiga tafsiri a Kaduna ana sawa a rediyo. Sai azumi ya zama wannan ya faɗa yau, wancan ya mayar gobe, kaset kuma ya kai inda rediyo bai kai ba. Saboda haka ni ba zan ce shi ya fara rabuwa ba, Baba Hedimasta ya riga ya rushe wannan. Amma shi ya shigar da ita cikin gidaje, ya kuma mayar da ita daga reshe zuwa tushe. A nan Almajiri yana da gaskiya.

Tsohon Hedimasta: Na karɓi rabin wannan, ɗana. Sauran rabin, ka tuna Gumi bai taɓa zama shugaban Izala ba. Uba ne gare ta, ana jin maganarsa, amma ba shi ke tura masu wa'azi ƙauyuka ba. Shaida kuwa, yana raye ƙungiyar ta dare biyu a 1991, ɓangaren Jos da na Kaduna, kuma har ya rasu a Landan a Satumban 1992 ba su haɗu ba. Da linzamin a hannunsa yake, da ya ja.

Almajirin Zaure: Baba, wannan ai hujjata ce ka ba ni. Wanda ya kunna wuta a daji ba ya cewa iya nan za ki tsaya. Da aka gama da mu sai suka juya wa juna.

Mai Sauraro: Ni tambaya gare ni. Da gaske ne Gumi ya ce siyasa ta fi salla? Kuma wasu na cewa daga wa'azinsa Boko Haram ta samo tushe.

Ɗalibin Tarihi: Ta farko sananniya ce, a shekarun 1980 ta yi ta yawo, ta kuma tayar da ƙura har a cikin Kiristoci, tare da wasu kalamansa kan wanda ya kamata ya mulki Nijeriya. Masoyansa suna fassara ta da cewa in Musulmi suka ƙi rajista suka ƙi zaɓe, wanda zai hau yana iya hana su sallar ma, shi ya sa har ya nemi maza su bar matansu su fita jefa ƙuri'a. Duk da haka ni ina ganin lafazin ya yi nauyi a bakin malami mai irin matsayinsa. Ta biyun kuwa ban yarda da ita ba sam. Mutumin da ya yi boko, ya yi wa gwamnati alƙalanci, ya yi ta kira a sa yara makaranta har da mata, ta ina zai zama uban masu haramta boko da aikin gwamnati? Malaman da suka fi tsayawa suka yi wa Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram, raddi ai daga wannan ɓangaren suke, irin su Sheikh Ja'afar Mahmud Adam da aka harbe yana limancin asuba a Ɗorayi ta Kano a 2007.

Baƙadiren Birni: Ban ɗora masa jinin kowa ba, Allah ya kiyaye. Amma ƙofar kafirta mai salla in ta buɗu, ba wanda ya buɗe ta ke zaɓar masu shiga ba.

Ɗan Agaji: To ku ma ku riƙa faɗin naku. Sau nawa aka jefi masu wa'azinmu, aka kore su daga gari, aka ce ba ma son Annabi? Akwai zagin da ya fi a ce wa Musulmi maƙiyin Manzon Allah ne? Kakata har ta rasu ba ta yarda mahaifina ya ja ta salla ba, wai shi ɗan Izala ne. Mu ma muna da namu tiren da aka mayar.

Almajirin Zaure: Wannan zalunci ne, kuma duk wanda ya ce ba ka son Annabi ya ɗauki alhakinka, ko shehina ne. Na faɗa a gaban kowa. Yanzu saura kai. Ba tarihi nake tambayarka ba, ba kuma abin da Malam ya ce ko bai ce ba. Mahaifina ya yi shekara hamsin yana salla biyar a jam'i, yana azumi, ya sauke farali, yana kuma wazifa kullum har ya koma ga Allah. A wurinka Musulmi ne ko kuwa?

Ɗan Agaji: Musulmi ne, Allah ya gafarta masa. Wazifar dai ina nan a kan cewa ba ta da asali, kuma ba zan fasa faɗa ba.

Almajirin Zaure: Amin, na gode. Batun asali kuma ka zo da Al-Aƙida, ni zan zo da Jawahir, mu buɗe babin Salatul Fatihi a gaban Baba Hedimasta mu bi shi layi-layi.