Firi'amfilina ya yi shiru, layin −15 ya ƙi tashi

Salamu alaikum, masu gyaran kayan sauti. Daga Maraɗi nake, kwana biyar ke nan ina fama da wani tsohon firi'amfili da na saya hannu na biyu, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya shiga babban amfili.

An ɗauke wuta da dare, da aka dawo da ita sai fis ya ƙone. Na sa sabo daidai da shi. Ƴar fitilar gaba tana kamawa, amma babu sauti ko kaɗan, ko gurnani babu, kuma relen nan da ke yin "ƙat" bayan an kunna ya daina. Babban amfilin lafiya lau, na haɗa shi da waya kai tsaye ya yi magana.

Na sa mita. Tiransifoma tana ba da volt 18 kowane gefe. Bayan 7815, regulatan da ke daidaita layin volt +15, ina samun +15 cif. Gefen 7915 kuwa, regulatan layin −15, −3 kawai nake samu, kuma kafin minti ɗaya ya yi zafin da yatsa ba ya iya tsayawa a kai. Na tarar da kondansa ɗaya mai 2200µF ta kumbura, samanta ya tsage, na canza ta da ƴar'uwarta. Na canza 7915, na kula da ƙafafunsa tunda jerinsu ba irin na 7815 ba ne. Har yanzu −3 ɗin dai. Wani mai gyara a kasuwa ya ce in sauya tiransifoma, ban yarda ba, tunda awonta daidai yake.

Akwai NE5532, ƙananan IC masu ƙara ƙarfin sauti, guda huɗu a allon, duka liƙe da dalma, babu soket. Don Allah, ta yaya zan gano abin da ke janye layin −15 ba tare da na ciro su ɗaya bayan ɗaya ba?