Me za mu kira irin lambun Aburi da Hausa?

Jama'a, ina neman kalma. Wanda ya je Aburi, garin nan da ke kan tsaunukan Akuapem, kimanin kilomita 30 daga Accra a ƙasar Ghana, ya dawo zai ba da labari, me zai ce ya gani? Turawa suna cewa botanical garden. Mu fa?

Ga abin da ke wurin. An buɗe shi a 1890, a filin da tun 1875 aka gina wa jami'an mulkin mallaka gidan jinya saboda sanyin tsaunin. Kana shiga sai dogayen itatuwa dangin kwakwa jere dama da hagu. Can ciki akwai wani tsohon rimi wanda ya girmi lambun kansa. Sannan ga kirfa, a murza maka ganyenta a tafin hannu ka sunsuna. Itatuwan na ɗauke da ƙananan alluna masu sunayensu.

Wani ya ce mini a ce "gandun daji". Ban yarda ba. Gandun daji shi ne irin Yankari, Allah ya shuka, mutum ya kewaye. A Aburi kuwa da hannu aka kawo iri daga wasu ƙasashe, aka dasa, aka zuba ido a ga wanne zai karɓi ƙasar. Daga nan aka riƙa raba wa manoma dashen koko, bayan wani maƙeri ɗan ƙasar mai suna Tetteh Quarshie ya kawo shi Mampong, maƙwabciyar Aburi, a 1879.

"Wurin shaƙatawa" kuma ya rage masa daraja, ko da yake mutane na zuwa shan iska.

"Lambu" kaɗai, Bahaushe zai hango fadama ne, da albasa da tumatir da mai ban ruwa. Amma ina son kalmar, domin a cikinta akwai hannun mutum da kulawar yau da gobe. Abin da ya rage shi ne a faɗi dalilin shukar: ba don miya ba, ba don kasuwa ba.

Don haka na tsaya a kan "lambun nazarin tsirrai". Na zaɓi tsirrai a kan itatuwa don furanni da ganyayyakin magani su samu shiga. In ya yi tsawo a baki, a ce "lambun nazari". A gwada: "Malam ya kai ɗalibai lambun nazari na Aburi." Haka za a kira na Limbe a Kamaru, wanda Jamusawa suka kafa a 1892.

'Yan'uwanmu na zangon Nima a Accra da na Kumasi, ku ne kusa da shi. In akwai sunan da iyayenmu suka riga suka sa masa, ku faɗa mana, shi za mu ɗauka.